Babban Yatsan Baba Sitati

"Ka riƙe rumfar," in ji Baba Sitati. "Duk abin da ya shigo naka ne har ranar tantancewa."

Masinja, abokinsa da ya yi ritaya daga aikin masinjan ofis, ya taɓe baki. "Ni da na ƙare aikina ina yawo da fayil a ƙarƙashin fanka, ka ce in tsoma hannu a ruwan kumfa don ɗan canji? Sai dai ka bar mini wankin otal ɗin bakin titi. Ba aro ba, kyauta."

"Kai, Masinja, ka ji tsoron Allah! Otal ɗin ai shi ne rumfar."

"To, ka ci gaba da wankinka. Gwamnati kuma ta ci gaba da cewa ka mutu."

Baba Sitati ya dubi babban yatsansa na dama. Sumul yake kamar bayan cokali. A ɗakin wankin asibitin gwamnati ya ƙarar da ƙuruciyarsa, da ya yi ritaya kuma ya kafa rumfar wanki da guga a ƙofar gida, sabulu da bilic suka cinye zanen yatsan tas. Da aka zo tantance 'yan fansho ya ɗora shi a kan na'ura, ta kawo ja. Ya goga a riga, ja. Ya tofa masa yawu, ja. Nan take aka tsayar da fanshonsa. Yarinyar da ke kan na'urar ta ce dama ɗaya ta rage masa, ranar ƙarshe, in ta sake ƙi za a cire sunansa. Ta kuma raɗa masa cewa in ya huta da taɓa ruwa, zanen yakan dawo.

Ya miƙa wa Masinja hannun hagu. "Na bar maka. Amma ka nemi safar hannu, bilic ɗin nan ba ya wasa."

"Safa? Hannun ofis ne wannan, malam. Ni ma sai ranar ƙarshe zan je, in nuna maka yadda ake danna na'ura."

Daga ranar babban yatsan ya zama maigida. Ana shafe shi da mai safe da yamma, a zura masa safar jikarsu jaririya, a ɗaure da zare. Baba ba ya ɗaukar ko bokiti. Maɓallin rigarsa ma matarsa ke sa masa.

"Wai Malam, yatsa ɗaya ne ke jinya ko jikin duka?"

"Yi a hankali, Maman yara. Abincin tsufanmu ne a cikin safar nan."

Yana zaune a inuwa da yatsa a sama, yana kallon Masinja na dirzar zannuwan otal yana waƙa. Har sabon baho ya saya. In ya shanya tawul sai ya ɗaga murya: "Sannu da hutawa, mai jego!"

Ranar tantancewa Baba ya riga kowa shiga bas. Ya zauna ta taga, ya ɗaga hannun sama kamar mai neman izinin magana. Da kwandasta ya zo rufe ƙofa sai ya kwatsa ihu, "Tsaya! Kada ka datse mini fansho!" Motar ta kwashe da dariya. Wata mata ta tambayi ko kunama ce ta harbe shi. Ya ba su labari tun daga farko, kafin a kai tasha rabin motar na yi wa yatsa addu'a.

Harabar ofishin fansho ta cika maƙil. Tsofaffin malaman makaranta, direbobi, masu gadi, kowa na hura yatsansa yana gogawa a gwiwa. Wani tsohon direba ya ce a shafa a goshi, maiƙon fuska na taimakawa. Wani ya ce ƙarya ne, bayan kunne ya fi. Masinja na bayan Baba a layi, ya sha guga, yana ta ba mutane shawara.

"Ku daina wahalar da kanku. Na'ura ta san hannun da ya riƙe biro."

"Yaushe ka riƙe biro?" in ji direban. "Ba shayi kake kai wa masu biron ba?"

Layi ya ja har aka zo kan Baba. Yarinyar ta ɗago kai ta gane shi.

"Baba mai wanki! An huta kuwa?"

"'Yata, ko alwala da dabara nake yi."

Ya kwance zaren da haƙori, ya zare safar. Ya yi bisimilla ya ɗora yatsan a kan ɗan gilashin. Na'ura ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta kawo ja.

Ya hango kansa a bakin baho har ranar da za a ɗauke shi, ga shi otal ma ya tafi.

"Tsaya, Baba, mai ya yi yawa." Ta goge gilashin, ta goge yatsan da gefen gyalenta. "Kada ka danna da ƙarfi. Ɗora kawai."

Ya ɗora. Sai ga kore, sai ga hotonsa ya fito a allo, da baƙin gashi da gashin baki irin na da.

"Ga ni nan! Wallahi ni ne!" Ya juyo ga layi da yatsa a sama. "Jama'a, ina da rai! Gwamnati ta yarda!"

Aka ɗauki tafi. Direban ya rungume shi, wata tsohuwar nas ta rangaɗa guɗa, mai gadin ƙofa na cewa a yi shiru shi ma yana dariya. Yarinyar ta ce har kuɗin watannin da aka riƙe za su shigo tare.

"Matsa, mai jego," in ji Masinja. Ya naɗe hannun riga ya ɗora yatsa yana kallon rufi.

Ja.

Ya yi dariyar yaƙe ya sake. Ja. Ya shafa a goshi, ya shafa a bayan kunne. Ja. Yarinyar ta kama yatsan ta juya shi a haske. Ya yi fari fat, ya saluɓe, sumul.

"Malam, kai ma wanki kake yi?"

Direban ya faɗi a kan benci yana riƙe ciki don dariya.

Ta ce tunda karonsa na farko ne, za a tsayar da nasa, ya dawo in an sake buɗewa, amma ya nisanci ruwa. A bakin ƙofa Masinja ya riƙo rigar Baba.

"Yaya, ka karɓi rumfarka."

"Yau kuma ni ne yaya? Otal fa?"

"Haba, ai magana ta riga ta..."

"To, ci gaba da wankinka."

Masinja ya ƙara riƙe rigar. "Har otal ɗin. Da bahon."

Baba Sitati ya laluba aljihu, ya ciro 'yar safar jikarsa ya damƙa masa. "Safe da yamma. Ka ɗaure da zare."

In ana maganar riba, Baba ya tashi da fansho da otal da sabon baho, ya ɗauki ma'aikata biyu masu safar roba, shi kuwa yana inuwa yana ba da umarni. Masinja ya tashi da safar jaririya. Amma wadda ta fi kowa asara Maman yara ce, domin an gaya wa Baba cewa baɗi ma akwai tantancewa, har yau ita ke sa masa maɓalli.