Tiyon Magina a Jirgin Don Ovidio

A taƙaice, domin duk mai son sani: wata ranar Lahadi cikin watan Oktoba, jirgin sama mai kujera biyu, ƙirar gida, mallakar Ovidio Scarafía, tsohon magini da ake kira Don Ovidio saboda girmamawa, ya tashi daga filin ƙungiyar matuƙa ta wani ƙaramin gari a lardin Santa Fe, ya kuma dawo tun kafin naman da ke kan garwashi ya yi laushi. Ba a rasa rai ba. Abin da aka rasa yana ƙarshen wannan bayani.

Shekaru Ovidio ya kwashe yana haɗa jirgin a garejin gidansa, motar iyali tana kwana a waje. Kujera ta biyu domin matarsa Nélida ya yi ta. Ita kuwa ta daɗe da yanke hukunci: sau ɗaya za ta hau. In ta sauko hankalinta kwance, za ta riƙa raka shi birnin Rosario wurin 'yarsu. In ba haka ba, kada ya ƙara tayar mata da maganar.

Tankin fetur yana gaban kujerun, sama da gwiwa, kuma yadda za a san abin da ya rage a cikinsa shi ne ya raba kan ƙungiyar duk lokacin da ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, ke zagayawa.

"Sa ma'aunin lantarki, Don Ovidio," in ji Ƙato Bertoldi, likitan dabbobi. "Waya ce kawai za ta zo gabanka, ba fetur ba."

"Allurar ma'auni maƙaryaciya ce. Ta motata tun ina da gashi take cewa rabi."

"To, toshiya mai iyo da 'yar waya," in ji Siriri Anselmo. "Ta leƙo ta murfin tanki, kana kallonta ta gilashi."

"In gama wannan wahala, in jingina raina da toshiyar kwalbar giya? Miƙo ƙoƙon, ka cika surutu."

Abin da Ovidio ya amince da shi shi ne farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa su gwada daidaiton gini. Tsawon aikinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya yanki guntu, ya haɗa shi da saman tanki da ƙasansa, fetur ya tsaya a ciki ƙuru-ƙuru, ido na gani. Famfo bai sa masa ba. Fetur ɗin kuwa na gidan mai ne, wanda ake gauraya wa barasar rake, kuma tiyon da aka yi domin ruwa bai saba da irin wannan baƙo ba. Kafin sanyi ya wuce ya yi rawaya, ya ƙandare. Ovidio ya lura. Ya yi wa kansa alkawarin sauya shi bayan Lahadi, tunda ya sha tashi da shi shi kaɗai.

Ran Lahadin ya kasa zama. Ya zagaya jirgin, ya danna tayoyi, ya shafa farfela, ya dubi girgije, ya sake zagayawa. Komai ya taɓa ban da tiyon.

Suna bisa gonakin waken suya Nélida ta fara sakin jiki, har ta nuna masa hasumiyar cocinsu. Sai wari. Jijjigar inji ta zare tiyon daga bakinsa na ƙasa, fetur yana tsartuwa kan siket ɗinta. Ovidio ya kai hannu ga babban famfon fetur, ya janye: rufe shi zai kashe inji, ba zai tsayar da yoyon ba. Ya kashe lantarki don gudun tartsatsi, ya banƙare taga, ya juya akalar jirgin.

"Tsohuwa, toshe da yatsa!"

"In toshe ina?"

"Inda yake fitowa mana!"

Ta sunkuya, ta danna babban yatsa a bakin ƙarfen. Idanunta na hawaye saboda tururi.

"Ashe dalilin kujera ta biyun ke nan," ta ce.

"Kada ki ɗaga, don Allah."

"Saura nawa a tankin, tsoho?"

"Ban sani ba. Ma'aunin ne a cinyarki."

Filin ya yi masa nisa fiye da kullum. Ya sauka a karkace, jirgin ya yi tsalle, ya lafa, ya kashe inji. 'Yan ƙungiya suka bar naman suka rugo da abin kashe gobara. Nélida ta ƙi ɗaga yatsa sai da Anselmo ya fiƙe toshiyar kwalbar da aka buɗe domin walimar gasasshen naman, ya cusa a ramin.

Ta sauko a hankali, takalmanta na ɗiga.

"Garin yana da kyau daga sama," ta ce. "Na gani."

Yanzu ma'aunin lantarki ne a jirgin, da kuma 'yar waya mai leƙowa ta murfi, babu tiyo ko ɗaya a gaban matuƙi. Ga jimlar asarar: siket ɗaya, takalma ƙafa biyu, fatar babban yatsa, haƙarƙarin saniya da ya ƙone, da fasinja ɗaya. Nélida a bas take zuwa Rosario. Kujera ta biyu, fulas ɗin ruwan zafi ake ɗaurewa a kanta.