Ramin da Malam Zailani Ya Haƙa

"Mun gama, amaryar Fasto. Ƙarfe nawa za a kai shi?"

Lovelyn ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe. Malam Zailani ne, maƙwabcinsu a Samaru, jar ƙasa har gwiwa, mutanen layi a bayansa da diga da shebur. Kakanta, Baba Fasto Ishaya, da asuba ya cika, ga shi ko azahar ba a kira ba.

"Kun gama me, Baba?"

"Kabari mana. Gindin darbejiyar da ya nuna mini a maƙabartarku."

To ka ji! Mutumin nan ya tsufa katanga ɗaya da Kirista, amma ruɗewa ta mantar da shi cewa su ba sa binnewa a ranar. Sai an jira 'ya'ya, an ɗinka anko, matan zumunta sun gwada waƙa. Lovelyn za ta faɗa, sai ta dubi jar ƙasar da ke jikinsa ta fasa. Ta ce, "Allah ya saka, Baba. Sai Kawu ya zo."

Kawun nan, Eric, shi ne matsalar. Tun daga Legas ya yanke a waya: Zonkwa za a kai tsoho, kusa da iyayensa. Alhali Lovelyn ce ta yi jinya, ita kakan ya riƙe wa hannu ya ce, "Kar ki bari su fitar da ni daga Zariya. Nan mutanena suke."

Kuma gaskiyarsa. A kan tsohon keke ya tara ikilisiyar nan ta Sabon Gari, tun tana rumfar zana. Rabin matan zumunta shi ya ɗaura musu aure, sauran rabin shi ya dawo da su daga yaji. Sunaye na bakina, amma a bar shi. Da ya ajiye aiki ma bai zauna ba: asibiti, gidan yari, gidan sunan kowa, ya cinye tuwo tas sannan ya ce miyar ba gishiri.

Damina ce. Kullum da safe Malam Zailani ya je ya kwashe ruwan ramin, ya rufe shi da kwanon rufi.

Eric ya iso da baƙin tabarau, yana huci. "Wa ya ba su izinin haƙa kabari?"

"Kawu, zo ka gani tukuna, sai ka yi faɗan."

Suka tarar da Malam Zailani cikin rami da bokiti.

"Baba, sannu da aiki," in ji Eric. "Amma gida za mu kai shi."

"Ubanka ne, kai ke da iko." Malam Zailani ya watsar da ruwa. "Ranar da matata Fatsuma ta rasu, ubanka ya cire farin abin wuyansa ya sa a aljihu, ya karɓi diga. Aka ce Fasto bari, ya ce matar da ta shayar da 'ya'yansa kunu? Kai har da ƙari kake nema. To yau ni in zauna?"

"Nan ya ce, Kawu," in ji Lovelyn. "Ni ya gaya wa, na amsa masa."

Eric ya matso kusa. Ya cire tabarau ya leƙa ramin. Siriri ne, da ɗan ƙaramin rami a tsakiya, daidai mutum a likkafani.

"Baba, ai irin naku kuka haƙa. Ta ina akwati zai shiga?"

Malam Zailani ya dafe kai. "Au! Wallahi na manta da akwatin."

Dariya ta ƙwace wa Lovelyn, ta farko tun rasuwar, hawaye na biye da ita.

Eric ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando. "Fito ka huta, Baba. Miƙo digar nan."

Lovelyn ta tsaya a inuwa rungume da takalman Legas, tana kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa tana faɗowa gefen rami.