Jarumin Wata Uku

Shekara talatin ina aiki a ɗakin ajiye tsofaffin takardu na garinmu a jihar Indiana ta Amurka, ban taɓa ganin wanda ya zo neman kakansa matsoraci ba. Kowa jikan jarumi ne.

Uwargida Lorna Pettibone ta shigo ran Laraba tana hura hanci, riƙe da wata tsohuwar hular soja mai hujin harsashi. Ta riga ta sa an sassaƙa wa kakan kakanta, Elihu, dutsen kabari, har ta gayyaci 'yan badujala ran Asabar. Sa hannuna kawai ƙungiyar jikokin mayaƙan yaƙin basasa ke jira.

"Wendell, kar ka ɓata min lokaci. Yana cikin rundunar garin nan, wadda aka karkashe a bakin kogi. Ga hularsa, da ƙyar ya sha."

Na buɗe rajista. Sunan Elihu na nan, amma cikin 'yan sa-kai na farko, masu alkawarin wata uku. Da wa'adi ya cika aka sallame su, aka kafa sabuwar runduna ta shekara uku da lamba iri ɗaya. Nan zuriyar jarumai ke yin tuntuɓe.

"Ranki ya daɗe, wata ukunsa gadin gada ya yi. Ana yaƙin kogi yana gida yana sayar da alade."

"Kai, tsufa ya fara taɓa ka! Sake dubawa."

Na bi sabuwar rundunar ƙungiya-ƙungiya, sai ga wani Pettibone, Asa.

"Ƙanensa ne," ta ce tana yatsina. "Mashayi. Mu ba ma maganarsa."

Cikin fayil ɗinsa akwai kwafin wasiƙar kyaftin zuwa ga Elihu. Na karanta mata a hankali, don haushi ya cika ni. An binne Asa a bakin kogi tare da wasu arba'in, ga hularsa an aiko wa gida.

Ta dubi hujin, ta zare yatsanta daga ciki.

"Wa ya san da takardar nan?"

"Ni da ke."

"To, ai shi ke nan."

Ban sa hannu ba, ita ma ba ta fasa ba. Ran Asabar aka busa badujala, aka ɗora hular Asa a kan dutsen Elihu, jama'a suna ta share hawaye.