Buhunan Yashi a Bakin Kanal

Talata ce ranar ban ruwan matan da gonakinsu ke ƙarshen kanal, can wajen Bunkure. Ƙungiyar manoman rani ce ta yanke haka, bayan Ummulkhairi ta shiga kwamitinta, mace ta farko da aka taɓa zaɓa. Amma ranar nan har rana ta take ko ɗigo bai iso ba, ga shinkafar da suka dasa ta fara jan baki, ƙasa duk ta tsattsage.

Ummulkhairi ta bi gefen kanal ɗin a ƙafa, ƙawarta Barira na biye da ita da shebur a kafaɗa. A mararrabar da ruwa ke rabuwa suka tarar an jera buhunan yashi an toshe ɓangarensu, ruwan duka ya karkata zuwa gonar albasar Ɗanbaba. Ƙanin marigayi mijin Ummulkhairi ne, kuma tun ranar da ta ƙi bar masa gonar marayunta yake hararar ta. Yana zaune kan dakalin siminti, adda a gefensa.

"Ɗanbaba, yau fa ranarmu ce," in ji ta.

"Ranarku a gidan wa? Maman Rumaisa, ki koma gida ki turara wa mutane shinkafa. Nan wurin maza ne."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta shiga ruwan har gwiwa, ta kama buhun farko ta ja.

Ba ta ga tasowarsa ba. Sai dai ta ji naushi a ƙeyarta, ta kifa cikin ruwa. Ya danne mata kai da gwiwa, laka ta cika mata baki da hanci, ƙirjinta kamar zai fashe. Ta laluba ta samu ƙafarsa, ta gantsara masa cizo da duk ƙarfinta. Ya yi ƙara ya ja baya. Tana ɗagowa tana tari ta ga adda a sama. Ta kare fuska da hannun dama. Addar ta sauka, yatsunta biyu suka faɗa ruwa.

Barira ta kurma ihu, ta ɗaga shebur ta rafka masa a gwiwa. Ƙashin ya yi ƙara, ya zube, addar ta suɓuce masa. Ta ƙara masa a kafaɗa. Matan da ke jiran ruwa a gonaki suka rugo da fartanyu da laujuna, suka kewaye shi, wannan ta kai duka, waccan ta kai shuri. Bakinsa ya fashe, yana ta kiran sunan Allah.

"Za ku kashe shi shinkafarmu ta mutu a banza!" in ji Ummulkhairi, ta matse hannunta a ciki, jini na bin zanenta. "Ku cire buhunan tukuna!"

Suka bar shi kwance suka faɗa kanal. Ruwan ya ɓalle, jaja-jaja da farko, ya nufi gonakinsu. Sai a lokacin ta yarda aka ɗora ta a adaidaita sahu.

A asibiti Malam Maharazu, shugaban ƙungiya, ya zo duba ta. Ya daɗe yana jajantawa kafin ya kawo abin da ke tafe da shi.

"Ummulkhairi, maganar gida ce. Baffan 'ya'yanki ne. A bari manya su sasanta."

"Malam, da ni ce na sare shi, maganar gida za ku ce?"

Kafin ya buɗe baki ta ɗora:

"Kotu za mu je. Kuma a dokar ƙungiya duk wanda ya toshe ruwa ana hana shi ruwan kaka guda. A gabanka aka amince da ita."

Haka aka yi. Alƙali ya ɗaure Ɗanbaba, albasarsa ta bushe a gona, ya fito yana ɗingishi. Dangin mijinta suka daina gaisawa da ita, surukarta ta aiko cewa kada ta sake taka mata gida. Wannan ya fi yatsun yi mata ciwo, ta sha kuka a ɗaki ba wanda ya sani.

Wani ɓangare na shinkafar matan bai farfaɗo ba, amma sauran ya yi kyau. A zaɓe na gaba Barira ta shiga kwamiti, ita da wata mai suna Khaulat, aka kuma ba mata su riƙa buɗe ƙofar ruwa da kansu.

Da girbi ya zo, lauje ya ƙi zama a hannun Ummulkhairi. Ta mayar da shi hagu, ta yanke kanta a ƙwauri a ranar farko. Ta yagi tsumma ta ɗaure, ta ci gaba da yanka a hankali, ita kaɗai a bayan sahu.