Sai Kiren Ya Tsaya

Ni dai tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki ban ƙara cin abinci da zafinsa ba. Sai na gama fama da nasa, kuma wallahi nasa ba ƙaramin fama ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan gini, daga lebura ya zama birkila, daga birkila ya zama mai kula da ma'aikata, shi ne kwance a ɗakina, a saman wani tsohon bene da nake haya a tsakiyar gari. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai kalma ɗaya-ɗaya. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ya rufe bakinsa gam. In kawo cokali, ya kau da kai. In yi lallashi, in yi faɗa, in shiga kicin in yi kukana in wanke fuska in dawo. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce in aka ci gaba a haka yunwa ce za ta riga ciwon kashe shi.

A tsallaken titinmu kuwa an rushe tsofaffin shaguna, an kewaye filin da kwano, an kafa wani ƙaton allo mai hoton abin da za a gina: dogon otal, gidan sinima, wuraren cin abinci, wurin wasan yara. Mutanen cikin hoton duk dariya suke yi, ko ɗaya babu mai gumi. Ni ɗinkin labule nake yi a gida, saboda haka ƙurar ginin nan a kan yadin mutane take sauka, ƙarar kuma a tsakiyar kaina. Na tsani aikin nan tun ranar da aka fara haƙa.

Wata rana na ja gadon Baba zuwa bakin taga don in share ƙarƙashinsa, sai wayata ta yi ƙara, na manta ban mayar da shi ba. Ina kan keken ɗinki rana ta take tsaka, aka busa usur a wurin ginin. Dogon injin nan mai ɗaga kaya, kiren, ya tsaya cak. Leburori suka tuɓe hulunan kwano suka zazzauna a inuwar bulo, kowa ya buɗe kwanonsa. Sai na ji murya a bayana.

“Kawo.”

Na waiwaya. Baba ne, idonsa a kan taga. Na yi maza na ɗebo shinkafar da ya ƙi da safe, ko ɗumamawa ban tsaya yi ba. Ya ci. Ya ci har ya nuna mini kofin ruwa da haɓa. Da aka sake busa usur, kiren ya motsa, sai ya rufe baki, shi ma ya koma aiki.

A nan na gane. Duk tsawon aikinsa Baba bai taɓa sa loma a baki ba sai yaran aikinsa sun zauna cin nasu. Ciwo ya kwashe masa hannu da harshe, amma ya bar masa wannan.

To, daga ranar na zama baiwar kiren. Girkina ya koma bin usur ɗin wasu mutane da ba su san ina duniya ba. Ranar hutu ba aiki, Baba sai ruwa da ɗan shayi, shi ma da ƙyar. Ranar zuba kankare kuwa na shiga uku, don ashe in an fara zubi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, in ba haka ba ya daskare rabi da rabi. Ni da ba ruwana da gini, sai ga ni na san haka. In ga motocin kwaɓa siminti sun jeru da safe, in ce yau kuma sai la'asar. Shi kuma yana kwance yana duba musu aiki. In aka ɗaure rodi yadda yake so ya gyaɗa kai, in aka yi ha'inci ya ja tsaki da rabin bakin da ya rage masa.

Yayana yakan zo ranar hutu da ledar lemo da buhun shawara.

“Ki riƙa yi masa dabara mana,” in ji shi. “Tsoho ai sai da dabara.”

“Yaya, ga cokali, ga shi. Bismilla.”

“Ke matsalarki zafin kai. Usur ne fa kawai. Ki sayi naki.”

Na ji haushi, amma na saya. Washegari da hantsi na laɓe a kicin na busa iya ƙarfina, na fito da kwano ina fara'a. Baba ya dubi taga, kiren na can yana jan ƙarfe sama abinsa. Ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Ƙarya,” ya ce.

Ranar ko da aka busa na gaskiyar sai da ya ja mini rai kafin ya buɗe baki.

Gini ya yi ta hawa. Ya wuce tagarmu, ya wuce rufinmu, ya cinye mana ranar safe, har sai na kunna fitila da rana tsaka kafin in zura zare a allura. Na ƙara wa Baba matashi a ƙeya don ya iya ɗaga kai ya ga sama. Kowa a gidanmu addu'arsa Allah ya sa a gama mu huta da ƙara. Ni kaɗai nake roƙon siminti ya yanke musu, ko ruwan sama ya ja musu aiki, in kuma tuna in an tsaya ɗin ma ba ci zai yi ba. Na rasa me zan roƙa. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Sai aka fara manna gilashi daga ƙasa zuwa sama, aikin ya koma ciki inda ido ba ya kaiwa. Masu zama a inuwar bulo suka yi ta raguwa. Wata safiya aka kawo wani injin ya kwance kiren gaɓa-gaɓa, aka loda a manyan motoci. Baba ya kalla har aka tafi da guntun ƙarshe. Rana ta take, ba usur. Na kawo abinci duk da haka, ya juya fuska bango.

Yaya ya zo da bidiyon gini a waya, ya kara masa a fuska. Baba ya rufe ido. Aka cire kwanon da ya kewaye filin, aka shuka furanni, aka kunna ruwa mai tsalle a ƙofar otal, masu share gilashi suna lilo da igiya. Duk wannan a wurinsa ba aiki ba ne. Wuyansa ya zama kamar na kaza, in na juya shi don canza zanin gado sai in ji ba nauyi. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ce in mako ya zagayo a haka sai dai a sa masa robar abinci ta hanci. Na san Baba, da hannun hagun zai fizge ta.

Ana cikin haka na sauka sayen zare da safe, na tarar da mutane masu hular kwano a ƙofar gidanmu. Ɗaya ya kafa abin awo mai ƙafa uku a bakin titi, ɗaya yana jan tef a jikin bangonmu, wani kuma ya riga ya shafa jan fenti kusa da ƙofa.

“Malam, lafiya?” na tambayi mai fentin.

“Lafiya lau, Hajiya. Wurin ajiye motoci za a yi wa otal. Ba a gaya muku ba? Ai mai gidan ya amince tuni.”

“Mu kuma fa?”

“Za a ba ku lokaci,” ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Ban sayi zaren ba. Na juya na hau bene. Ina zan kai mutum shanyayye da keken ɗinki? Gidan Yaya, inda matarsa ke ƙirga mana zama in mun je gaisuwa? Na tura ƙofa ina shirin zubewa a kujera, sai na tarar Baba ya ja jikinsa da hannun hagu har ya dafa ƙarfen taga, abin da bai taɓa yi ba. Yana leƙen mai awo a ƙasa, idonsa tar.

Da rana ta take, mutanen suka ajiye kayan aiki suka zauna a dakalinmu, daidai ƙarƙashin tagarsa, suka buɗe ledojinsu. Na ɗebo abinci ba tare da na sa rai ba. Ya karɓi cokalin farko, ya karɓi na biyu, miya na bin gefen bakinsa ina sharewa. Sai ya tsaya ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuya ta miƙe. Tun da ya kwanta bai taɓa haɗa magana mai tsawon haka ba.

“Yaushe... za mu fara?”

Na dubi ɗakin, na dubi labulen mutane da ban gama ba, na dube shi.

“Sun ce ba da daɗewa ba, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya buɗe baki. Kwanon ya ƙare, na tashi na ƙaro masa.