Dasashin Ya Fanne

Matar yayana Rabe, wato Ya Fanne, ba ta iya dariya a ɓoye ba. In ta ƙyalƙyale a gidansu na Nguru, har masu tallan bandar kifi a bakin titi sai sun waiwayo. Babarbariya ce ta gaske, haƙoranta a jere, jajawur saboda fure da goro, ga wushirya a tsakiya. Kullum da hantsi za ka same ta a kan tabarma tana goga furen taba a haƙora, tana leƙa ɗan madubi. Ni Hadijatu ƙanwar miji ce, don haka tsokana aikina ne. Nakan ce, "Ya Fanne, bakin nan sai ka ce kin sha jinin rago." Ita kuma ta ce, "Hassada ce, Dije. Ke naki fari fat kamar na ɗan akuya."

Yaya Rabe mai awo ne a wani kamfanin sayen fata da ƙaro kusa da tashar jirgin ƙasa. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma akwai katin asibiti, ma'aikaci da matarsa kamfani ke biya musu magani. Da ciwon sukari ya kama Ya Fanne, katin nan ne ya riƙe ta. Allura da ƙwayoyi da gwajin fitsari, duk a kansa. Yaya yana ji da katin nan fiye da hular sallarsa.

A damunar 1987 ta zo mini kwana biyu a Gashuwa, inda nake aure. Na gasa mata masara ɗanya daga fadamar Katuzu, irin wadda take so. Sai ta juya ta a hannu ta ajiye. Matar da ke tauna ƙashin kaza har ɓargo! Na buɗe baki zan tsokane ta ke nan ta juya ta tofar da yawu, na ga jan ba irin na fure ba ne. Na matsa kusa, wari ya buge ni.

"Ya Fanne, tun yaushe?"

"Ya daɗe," in ji ta. "Da na ce fure ne. Daga baya na san ba shi ba ne, sai na ƙara furen."

Ran nan na ji haushinta, na ji haushin kowa. Yaya yana ganin ja a jikin matashin kai yana cewa goro ne. Ma'aikatan asibitin kamfani suna duba fitsarinta, ba wanda ya taɓa cewa ta buɗe baki. Wa zai nemi jini a bakin da dama ja ne?

Akwai wani likitan haƙori, Dakta Tayo, da ke zuwa Gashuwa jefi-jefi. Muka kai ta. Ya duba ya daɗe, sannan ya ce da Hausarsa ta koyo, "Mama, sukari ne ya ci dasashi. Dasashi kuma in ya ruɓe, shi ma yana tayar da sukari. Haƙora suna motsi, amma ba su mutu ba." Ya ce in an kai ta Kano aka yi ta wanke ƙarƙashin dasashin ana ba ta magani, ana zuwa ana dawowa, za a ceci mafi yawansu.

Yaya ya ce ai da sauƙi, akwai kati. Na bi shi Nguru zuwa ofishin Mista Cletus, akawun da ke kula da sha'anin asibitin ma'aikata. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba mu kujera, ya tambayi jikin Madam, sannan ya sosa ƙeya.

"Malam Rabe, ka yi haƙuri. Tun da ƙasa ta shiga matsi, kamfani ya cire haƙori daga kati."

"Ai ba haƙori ba ne," in ji Yaya. "Dasashi ne."

"Mene ne dasashi?"

Yaya ya ɗaga leɓensa ya nuna masa da yatsa, dattijo da furfura, a gaban masinja da kowa. "Wannan. Nama ne, Mista Cletus. Taɓa naka ka ji. Kuma likita ya ce sukari ne ya ci shi, sukari kuwa ku kuke biya."

Mista Cletus ya taɓa nasa, ya ce lallai nama ne, ya yi alkawarin zai tambayi manya a Ikko. Har kaka ta wuce ana jira. Da amsa ta zo, cewa suka yi duk abin da likitan haƙori zai taɓa haƙori ne. Abu ɗaya kamfani zai biya, shi ne tiyata, in ciwon ya kai ga sai an cire don a ceci rai.

Na ce, "Wato gyara babu, sai ya ruɓe za ku biya?" Mista Cletus ya sunkuyar da kai.

Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sayar da keke da rediyo ya kai ta Kano a jirgi, aka yi wankin farko. Na biyu bai samu ba. Muka koma ruwan bagaruwa da gishiri. Ya Fanne ta daina fure, ta daina zuwa biki, in za ta yi magana sai ta kare baki da gefen mayafi. Ta rame har awarwaronta yana zamewa. Ba na iya tsokanarta kuma, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da bazara kumatunta suka kumbura, sukari ya hau, ta faɗi a tsakar gida. Aka kawo ta Gashuwa a bayan akori-kura. Dakta Tayo ya jira sukarin ya sauka, sannan ya cire haƙoran, na sama da na ƙasa, bai bar ko ɗaya ba. Da ya fito ya ce mini, "Na yi baƙin ciki, Hajiya." Ni ba Hajiya ba ce, amma ban gyara masa ba.

Ana nan sai ga Mista Cletus da rana tsaka, ya biyo motar kasuwa tun daga Nguru, da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a gefen gado ya ce, "Sannu Madam. Na zo in gaya muku kada ku damu. Kamfani ya biya komai, gado da magani da aikin duka."

Ya Fanne ta dube shi. Fuskarta ta lotsa, ta zama ta wata tsohuwa da ban sani ba. Ta lalubo wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin matashi. Ashe ta roƙi nas ta wanke mata haƙoran, ta ƙulle su a tsumma.

"Ungo, ɗana," in ji ta, maganar tana fita da iska. "Kai wa manyanku. Su suka biya, nasu ne."

Yaya Rabe ya tashi ya fita baranda, ina jin shessheƙarsa. Mista Cletus ya dube ni, ni ma hawaye nake. Ya rasa inda zai ajiye lemon, ya dire shi a ƙasa. Sannan ya rusuna ya karɓi ƙullin da hannu biyu.