Ƙasa Ba Ta Gama da Zisis Ba

Kwalbar ruwan inabi da farin ƙyalle suna cikin kwandon Stamatia, amma kafin ta nufi maƙabarta sai da ta biya ofishin ƙaramar hukuma. Argiris, mataimakin shugaba, yana ganinta ya miƙe tsaye, don marigayi mijinta Zisis ne ya riƙe shi a coci ranar da aka raɗa masa suna.

"Inna, da kin aiko ai da na zo."

"Ka zo ka yi me? Zauna. Roƙo na zo yi, ɗana. Ku bar min shi ya ƙara shekara biyu."

A garinmu na arewacin Girka kabari aro ne. Mamaci ya yi shekara biyar a ƙasa, sai danginsa su tono ƙasusuwan, su wanke da ruwan inabi, su naɗe a farin ƙyalle, su adana a akwati, wani ya shiga ramin. Idan ƙasusuwan suka fito fes, mata su ce Allah ya yafe masa. Idan kuwa ƙasa ta ƙi cin gawa, to mutumin ya yi wani mugun abu a ɓoye, kuma har jikokinsa sai sun sha gori.

Bara gwamnati ta hana a faɗaɗa maƙabartar, wai ta matso rijiyoyin gari. Ta kuma hana hukumarmu cin sabon bashi, balle a sayi wani fili. Kansiloli suka zauna, suka sha gahawa, suka fito da dabararsu: biyar ta koma uku. Ita ƙasar dai ba wanda ya nemi shawararta.

"Ka san irin magungunan da aka ɗura masa a asibiti," in ji Stamatia. "Likita da bakinsa ya ce irin wannan gawar ba ta saurin narkewa."

"Haba Inna, wa ke yarda da wannan camfin yanzu?"

"Mahaifiyarka mana. Ita za ta riga kowa leƙa ramin."

Argiris ya shafa ƙeya. "Akwai mamatan da ke firjin asibiti suna jiran rami. In na ɗaga miki ƙafa yau, gobe gari duka zai cika min ofis. Doka ce."

"Dokar da kuka yi da hannunku?"

Ya juya yana kallon taga.

Da hantsi mata suka taru a bakin kabarin cikin baƙaƙen kaya, Evdokia uwar Argiris tana gaba. Fotis mai haƙar kabari ya yi ta haƙa har shebur ya bugi katako. Ya ɗaga murfin, ya ja baya, ya cire hularsa.

Zisis yana kwance yadda aka kwantar da shi. Fatar ta yi baƙi ta bushe, amma fuskar tasa ce, har gashin bakin. Mutumin da ko a awon zaitun bai taɓa cutar kowa ba! Raina yana ɓaci duk sa'ad da na tuna yadda matan suka fara raɗa.

"Uhm," in ji Evdokia, tana yin alamar gicciye. "Ashe dai ba a sanin mutum."

"Magani ne!" in ji Stamatia. "Ku tambayi likita!"

Ba wadda ta kalle ta. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowacce tana sauri kada wata ta riga ta kai labari.

Argiris, wanda shi ma ya zo maƙabartar, ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Fotis, rufe. Dokar lafiya ta ce gawar da ba ta narke ba a mayar da ita raminta har shekara biyu." Ya dubi Stamatia kamar mai kawo albishir. "Kin ga, Inna, kin samu abin da kika nema."

Stamatia ta shimfiɗa farin ƙyallen a kan fuskar mijinta, ta tsaya har Fotis ya gama mayar da ƙasa. Mamatan asibiti suna nan a firjinsu, hukuma ba ta samu ko rami ɗaya ba.

Ta ɗauki kwandonta, kwalbar a rufe yadda ta zo da ita. A bakin layinsu maƙwabciyarta tana shara, wadda suka yi shekara da shekaru suna aron gishiri a tsakaninsu. Tana hango Stamatia ta janye jikarta cikin gida, ta tura ƙofa.